Yaran da ake kamawa da ƙwacen waya: a yi musu hukuncin manya ko kuwa?

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar ƙauraye da masu ƙwacen waya ta ishi kowa a cikin birnin Katsina, kuma da yawansu ba su wuce shekara 14 zuwa 17 ba. Abin da mutane ke faɗa a majalisa shi ne dokarmu ce ta yi sanyi, wai a Ingila ɗan shekara 10 ma gurfanar da shi ake yi, a Amurka kuma ana ɗaure yaro rai da rai. To masana shari'a da ke nan, mu ji ta bakinku. Gaskiya ne mu muka fi kowa sassauci? Wace ƙasa ce tsarinta ya fi aiki?

Baristan_Ƙofar_Soro:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, a takarda mu ne ma muka fi Ingila tsanani. Sashe na 50 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, cewa ya yi wanda bai kai shekara 7 ba babu laifi a kansa, daga 7 zuwa 12 kuma sai an tabbatar yana da wayon gane abin da ya aikata. Ke nan ɗan shekara 8 na iya ɗaukar laifi. Ingila da Wels 10 ne. Sikotlan 12. Faransa 13. Jamus da Japan 14. Norwe, Denmak da Finlan 15. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya ce a 2019 kada a yi ƙasa da 14.

Sai dai a kula, wannan lambar ba ita ce shekarun da ake kai mutum kurkukun manya ba. Shekarun da doka ta fara ɗora wa yaro alhaki daban, shekarun da ya daina zama yaro a gaban kotu daban. Masu hira a majalisa haɗe su suke yi.

Malam_Mai_Zaure:
Allah ya saka wa Barista. A fiƙihu ma'aunin balaga ne, ba lissafin kalanda kaɗai ba. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da yaro sai ya balaga. A Malikiyya alamomin su ne mafarki, haila, ɗaukar ciki, tsirar gashin mara, in kuwa babu ko ɗaya sai cikar shekara 18 a mashhurin zance. Shafi'iyya da Hanbaliyya 15 suka ɗauka. Wanda bai balaga ba ba a yi masa haddi ko ƙisasi. In ya yi kisa, gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba. In ya ɓarnata dukiya, ramuwa tana nan daga abin da ya mallaka, kuma alƙali na da ikon ladabtar da shi gwargwadon hali. Haƙƙin wanda aka cuta ba ya faɗuwa don mai laifin yaro ne.

Uwar_Marayu:
Allah ya gafarta Malam, nan gizo ke saƙa. Yaro ɗan 15 da ya balaga, a ma'aunin da ka kawo babba ne. A Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 kuwa duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, kuma sashe na 221 ya hana a ɗaure shi a kurkuku, ko a yi masa bulala, ko a yanke masa kisa. Amma dokar tarayyar a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi sai sun yi tasu. Katsina ta yi Dokar Kare Yara a 2020, zamanin Gwamna Masari. Shi ya sa makomar yaro takan rataya ga ƙofar da ɗan sanda ya shiga da fayil ɗinsa: majistare, kotun shari'ar Musulunci, ko kotun iyali.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
To Hajiya, ai ga sassaucin da nake faɗa nan. Ba ɗauri, ba bulala. Yaron da ya soka wa mutum wuƙa saboda waya sai a ce masa je ka gida?

Baristan_Ƙofar_Soro:
A'a. Sashe na 222 da ke biye ya ba kotu ikon tsare yaro na tsawon lokacin da ta ga ya dace in laifin kisa ne, ko fashi, ko mummunan rauni. Abin da aka hana shi ne a jefa shi cikin manya.

Kuma bari in zayyana yadda abin ke tafiya a zahiri, don a ga inda yake lalacewa. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin awa 48. Ga yaro kuma dole a sanar da iyayensa nan take. Matsala ta farko a caji ofis take: mai rubuta bayani ya tambayi shekaru, yaro ba shi da takardar haihuwa, sai a dube shi a rubuta 18 ko 19. Da zarar wannan lambar ta shiga takardar ƙara, duk kariyar da Hajiya ta lissafa ta tafi. Ta biyu, ƙwacen waya da wuƙa fashi da makami ake rubutawa, majistare kuwa ba shi da hurumin sauraron wannan. Sai ya ba da umarnin tsarewa a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil na iya kwana a tebur wata da watanni, yaro na ɗakin masu jiran shari'a tare da 'yan fashin gaske. Ba a yanke masa komai ba, amma ya riga ya sha ɗaurin da ko a Jamus ba za a yi masa ba.

Likitan_Ƙashi:
Kan tantance shekaru, kada a ɗauka asibiti na da ma'aunin da ba ya kuskure. Hoton ƙashin wuyan hannun hagu ake ɗauka, a duba ko mahaɗar girman ƙashi ta rufe, a gwada da kundin hotuna. Kundin da aka fi amfani da shi daga yaran Turawan Amurka masu cin mai kyau aka tattara shi tun wajajen 1930. Yunwa da yawan ciwo suna jinkirta ƙashi, kuma ko ga lafiyayye ana iya kaucewa da shekara ɗaya zuwa biyu ta kowane ɓangare. Haƙoran wayo ma haka, wani su fito masa a 17, wani sai bayan 21. Rahoton likita na gaskiya tazara yake bayarwa, misali tsakanin 16 da 19, ba lamba guda ba. Ƙa'idar duniya ita ce in akwai kokwanto a ɗauke shi yaro. Katin rigakafi, rajistar shiga firamare da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya sun fi hoton ƙarfi. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi bayan kamu ba ta da nauyi sosai, kowa ya san yadda ake samunta.

Bakatsinen_Landan:
Tunda Ingila ake kafa hujja da ita, a ji sauran labarin. A 1993 yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe James Bulger, ɗan shekara 2, a yankin Libaful. An yi musu shari'a a kotun manya a bainar jama'a, har sai da aka ɗaga daɓen akwatin tsayuwa don su iya hango alƙali. A 1999 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ba a yi musu shari'ar adalci ba, don ba su iya bin abin da ake yi. Shekara guda kafin nan, dokar 1998 ta soke ƙa'idar da ke cewa daga 10 zuwa 13 sai an tabbatar yaro ya san abin da ya yi babban laifi ne.

Amma ita wannan dokar ce kuma ta kafa tawagar kula da yara masu laifi a kowace ƙaramar hukuma: ɗan sanda, jami'in walwala, jami'in sa ido, ma'aikacin lafiya da na ilimi a ofis ɗaya. Ba a yi wa yaro tambayoyi a caji ofis sai da wani babba a gefensa, uba ko jami'in walwala. Wanda ya amsa laifi karon farko, galibi kotu tura shi take gaban 'yan sa kai biyu na unguwa da jami'i ɗaya, su rubuta yarjejeniya ta wata 3 zuwa 12. Wajen 2008 yara kusan 3,000 ke tsare a Ingila da Wels, yanzu 'yan ɗaruruwa ne. Lambar 10 tana nan, ɗaurin ne suka rage.

Na_Kusugu:
Shekara guda bayan na Libaful, a 1994, irin haka ta faru a Tirondahaim ta ƙasar Norwe: yara 'yan shekara 6 suka kashe yarinya 'yar shekara 5. Ba kotu, ba a buga sunayensu a jarida ba, aka mayar da su makarantar rainon yara ƙarƙashin kulawar likitocin ƙwaƙwalwa. Mu nan da wuya dangin mamaciya su haɗiye wannan.

Tsohon_Sufeto:
Ba za su haɗiye ba kam, kuma ina ganin ana mantawa da wanda aka sara. Ku dubi Indiya. Su ma 18 suka tsayar, tsarewa mafi tsawo ga yaro shekara 3. Sai fyaɗen Delhi na Disambar 2012, ɗaya daga cikin masu laifin yana da 17, ya yi shekara 3 ya fito. Ƙasa ta ɗauki zafi, a 2015 aka canza doka: ɗan 16 zuwa 18 da ake tuhuma da laifin da mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 7 ne, hukumar shari'ar yara za ta auna hankalinsa da yanayin da ya yi laifin, in ta ga dama ta miƙa a yi masa shari'ar manya. Ba kisa dai. Japan ta yi makamancin haka a 2000 bayan kashe-kashen Kobe na 1997, ta sauko da shekarun miƙawa daga 16 zuwa 14. Sin ta sauko zuwa 12 a 2021 kan kisan ganganci in babban ofishin masu gabatar da ƙara ya amince. Waɗannan ba mahaukata ba ne. Kuma manyan ɓarayi sun gane, yara suke turawa gaba don sun san doka ba ta cizonsu.

Uwar_Marayu:
Baba Sufeto, maganarka ta ƙarshe hujja ce a kan mai turawa, ba a kan wanda aka tura ba. In ka mayar da iyaka 12, 'yan 11 za su ɗauko. Mai sayen wayar sata da mai sayar wa yara ƙwaya su ne ba sa canzawa. Kuma duk misalanka uku, laifi guda mai tayar da hankali ne ya janyo dokar. Denmak ta sauko daga 15 zuwa 14 a 2010, a 2012 ta koma 15.

Baristan_Ƙofar_Soro:
Amurka ce ta fi kowa gwada abin da Sufeto yake so, don haka ita ta fi cancanta a duba. Abin mamaki, su suka fara kotun yara a duniya, a Shikago a 1899, da niyyar alƙali ya zama kamar uba. Uban nan kuwa ba lauya a gabansa, ba ɗaukaka ƙara. A 1967 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gault, ɗan 15 da aka zarga da kiran wata mata a waya da batsa, aka tura shi gidan horo har sai ya kai 21. Babban da ya yi irin laifin, tarar da ba ta wuce dala 50 ba ko ɗaurin wata 2 zai samu. Daga nan aka ba yara haƙƙin lauya da na ƙin ba da shaida a kan kansu.

A shekarun 1990 kusan duk jihohinsu suka sauƙaƙa miƙa yara kotun manya. Da aka bi diddigi, waɗanda aka miƙa sun fi komawa laifi a kan takwarorinsu masu irin laifinsu da aka bari a kotun yara. Shirin da suke kai yara ziyara kurkuku don fursunoni su tsorata su ma, nazari ya nuna ƙara lalata su yake. Sai Kotun Ƙoli ta riƙa ja da baya: 2005 ta hana kisa ga wanda ya yi laifi ƙasa da 18, 2010 ta hana ɗaurin rai da rai marar sakin talala in ba kisa ya yi ba, 2012 ta hana a wajabta shi ko da kisan ne. Hanawa daga wajabtawa fa, ba hanawa gaba ɗaya ba, har yau alƙali na iya yankewa a jihohi da dama. To ƙanena Ɗan Ƙofar Sauri, rabin zancen majalisarku gaskiya ne.

Bakatsinen_Landan:
A ƙara da Kalief Browder na Niyu Yok. Ɗan 16, aka kama shi a 2010 kan zargin satar jakar goyo, beli dala 3,000 ya gagari gidansu, ya shekara 3 a kurkukun Rikers ba shari'a, kusan 2 a ɗakin kaɗaici. Aka janye ƙara, a 2015 ya kashe kansa. Wannan shi ne ainihin jiran fayil da Barista ya faɗa, sai dai da dala.

Na_Kusugu:
Allah ya kyauta. Ku tsallaka Kwangwalam kawai ku shiga Nijar, tsarin ya bambanta, don na Faransa suka gada. Ƙasa da 13 ba hukunci sai matakan kariya, kuma akwai alƙalin yara na musamman. Ita Faransar tun 1945 ta ɗora tarbiyya a gaban hukunci, a 2021 kuma ta raba shari'ar gida biyu. Zaman farko cikin kwana 10 zuwa wata 3, a tabbatar ko yaron ya yi laifin, a yanke diyyar wanda aka cuta tun a nan. Sai a sa shi ƙarƙashin jami'in tarbiyya wata 6 zuwa 9. Sannan zama na biyu, a yanke hukunci bisa yadda ya kasance a watannin. In ɗauri ne, galibi ba ya wuce rabin na babba. Abin da ya burge ni wa'adin ne, mai waya ba ya jiran shekara biyu kafin ya ji matsayinsa.

Malam_Mai_Zaure:
Wanda ya fi kama da namu na gargajiya ai na Niyu Zilan ne. Wani ya bayyana matakansa.

Uwar_Marayu:
To Malam. Dokar 1989 ce, kuma daga al'adar ƙabilar Mawori aka ɗauko ruhinta. Jami'in gwamnati ke kiran taron dangi. Masu zama: yaron, iyaye da kawunnai da kakanni, wanda aka cuta da mai rakiyarsa, ɗan sandan sashen yara, da lauya in ƙara ta riga ta je kotu. Ɗan sanda ya karanta abin da ya faru. In yaro ya musa, taro ya tashi, sai kotu. In ya amsa, wanda aka cuta ya faɗi abin da ya same shi ido da ido. Sai kowa ya fita a bar dangi su kaɗai su tsara: ban haƙuri, biyan ɓarna, aikin gayya na awa kaza, dokar dawowa gida da wuri, komawa makaranta, da sunan wanda zai sa ido kan kowanne. A dawo a karanta, sai ɗan sanda da wanda aka cuta sun yarda. In ya cika, kotu na iya share ƙarar kamar ba a taɓa shigar da ita ba.

Inda yake faɗuwa biyu ne: wanda aka cuta ya ƙi zuwa, ko a rubuta shiri ba mai bibiya. Zauren mai unguwa da na dagaci suna da duk mutanen nan, abin da babu shi ne rubutu, wa'adi, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Sashe na 209 na dokar tarayya ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon kashe ƙananan laifukan yara ta sulhu da biyan diyya. Afirka ta Kudu ta yi irinsa da ƙa'ida tun 2010: jami'in sa ido ya tantance yaro, cikin awa 48 da kamu a yi zaman share fage gaban majistare a duba ko za a kauce wa shari'a, kuma ana ajiye rajistar waɗanda aka yi wa hakan.

Tsohon_Sufeto:
Hajiya, sulhu marar rajista shi ne ake kira a kashe magana a caji ofis. Mai uba ya fita kafin magariba, almajirin da iyayensa ke wani ƙauye a bayan Mai'aduwa ya kwana. Taron dangi sai mai dangi. Wa zai tsaya wa wanda ke kwana a tasha?

Baristan_Ƙofar_Soro:
Wannan tambayar ta fi ta shekaru nauyi. Sikotlan ta ba ta amsa tun 1971: yaron da ya yi laifi da yaron da aka yi sakaci da shi gaban kwamiti ɗaya suke zuwa, na 'yan sa kai uku, don sun lura sau da yawa yaro ɗaya ne. Mu kuwa wurin ajiyar ma ƙalilan ne. Gidajen Bostal na tarayya, wato gidajen horon matasa masu laifi, da aka daɗe da su uku ne, Kaduna, Ilori da Abekuta, na 'yan 16 zuwa 21 a ƙarƙashin dokar 1962. Sunan ma na wani ƙauye ne a Kent inda Ingila ta fara tsarin a 1902, ta kuma soke shi a 1982. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce a raba matasa da manya, amma sai da gini da ma'aikata ake rabawa. Kowa ya ga yaran zanga-zangar Agustan 2024 da aka kai Babbar Kotun Tarayya a Abuja a farkon Nuwamba, wasu na faɗuwa a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne, sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su.

Na_Kusugu:
Rashin wurin ne ke sa iyaye kai kangararru gidan mari da kuɗinsu. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Daura a Oktoban 2019, mutane cikin sarƙa, wasu sun shekara biyu. Ba alƙalin da ya tura su, ba ranar fita.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ga ƙasar da za a kwafa. Jamus fa, da Barista ya ambata a wuce?

Bakatsinen_Landan:
Jamus tsani ne. Mafi yawan ƙararrakin yara mai gabatar da ƙara ke rufe su da gargaɗi ko sharaɗi. Sama da haka umarnin alƙali: aikin gayya, sasantawa da wanda aka cuta, kwas. Sama da haka tsarewar jan kunne, daga ƙarshen mako zuwa mako 4, ba ta zama tabon ɗauri. Can ƙoli ɗaurin matasa, wata 6 zuwa shekara 5, ko 10 a manyan laifuka, a gidan da ake koyon sana'a har a samu takardar shaida. Har ɗan 18 zuwa 20 alƙali na iya yi masa hukuncin yara in ya ga hankalinsa bai gama nuna ba. Sai dai kowane mataki akwai ma'aikacin da ake biya albashi a bayansa.

Tsohon_Sufeto:
Tsarewar mako 4 ɗin nan ta yi mini. Gajere, nan take, kuma ya ji a jikinsa. Ban janye maganata kan mai kisa ɗan 17 ba dai.

Likitan_Ƙashi:
Baba Sufeto, mako 4 bai isa raba yaro da ƙwaya ba. Mai shan tiramol kullum in aka yanke masa kwatsam zai yi kwanaki yana gumi, ciwon jiki, gudawa da rashin barci, wani har farfaɗiya, don haka sai a hankali ake rage masa a hannun ma'aikacin lafiya. Duk gidan da za a tsare su yana buƙatar gwajin fitsari ranar shiga da ɗakin jinya, in ba haka ba masu gadi za su ɗauka taurin kai ne su hau duka.

Uwar_Marayu:
Barista, tambaya ta aiki. In an riga an rubuta wa yaro 19 a takardar ƙara, a wane zama ake ƙalubalanta, kuma wa ke da ikon tayar da maganar, uba ko sai lauya?

Baristan_Ƙofar_Soro:
A zaman farko, Hajiya, kafin a karanta masa tuhuma, don magana ce ta hurumin kotu. Lauya ya fi, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a kyauta take yi wa marasa hali, amma uba na iya neman izinin alƙali ya yi magana. Ya zo da takardar haihuwa ko katin rigakafi na asali, da wasiƙar hedimasta mai ɗauke da lambar rajista da shekarar shiga aji ɗaya, ya roƙi a rubuta ƙorafin a kundin zaman ranar. In an wuce wannan zaman ana iya tayarwa daga baya, har a babbar kotu, sai dai kafin nan yaron yana can cikin manya.